Daren da Aka Kusa Raba Kujerar Amurka Gida Biyu

Mai karatu, a ce kai ne ɗan takarar shugaban ƙasa. Jam'iyya ta miƙa maka tuta, saura ka faɗi sunan wanda zai yi maka mataimaki. Mutum biyu ne a gabanka. Na farko ya taɓa kayar da kai, kuma har yau yana riƙe da kai a zuci, yana ganin kai ka jawo masa faɗuwa zaɓe. Na biyu kai ka kayar da shi, amma kafin ya faɗi sai da ya tsaya gaban jama'a ya kira manufarka tsafi. Wa za ka ɗauka? Kada ka yi saurin amsawa. Wannan tambayar ce ta ritsa da Ronald Reagan a birnin Detroit ranar Laraba 16 ga Yulin 1980, kuma sunan da ya wayi gari da shi daban, wanda ya faɗa wa duniya da tsakar dare daban.

Na farkon shi ne Gerald Ford, wanda ya hau mulkin Amurka a 1974 bayan Nixon ya yi murabus. A 1976 Reagan ya yi abin da ba a cika yi ba: ya ƙalubalanci shugaba mai ci a cikin jam'iyyarsu ta Republican. Aka kai ruwa rana har zauren babban taro a Kansas City, inda Ford ya sha da ƙyar, da wakilai 1,187, Reagan yana da 1,070. Ford ya fita babban zaɓe a jigace, Jimmy Carter ya kayar da shi da ƙaramar tazara. Tun daga nan ya ɗora wa Reagan laifi biyu: ya raunata shi a gida, sannan bai taya shi yaƙin neman zaɓe da zuciya ɗaya ba. Shekara huɗu wannan miki bai warke ba.

Na biyun kuwa George H. W. Bush ne, tsohon ɗan majalisa daga Texas, tsohon jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya, tsohon wakilin Amurka a Sin, tsohon shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA. A Janairun 1980 ya ba kowa mamaki, ya doke Reagan a jihar Iowa. Sai aka shirya musu muhawara su biyu kaɗai a garin Nashua na jihar New Hampshire, ranar 23 ga Fabrairu, kuma ɓangaren Reagan ne ya biya kuɗin taron. Reagan ya shigo zaure da sauran 'yan takara huɗu a bayansa, ya ce a bar su su ma su yi magana. Bush ya ƙi. Ya zauna ƙiƙam, idonsa a gaba, ko waiwayar su bai yi ba. Da mai gabatarwa ya ce a kashe wa Reagan makirufo, sai Reagan ya daka masa tsawa: "Ni na biya kuɗin makirufon nan!" Zaure ya kaure da tafi. Bayan kwana uku Reagan ya lashe jihar. Amma abin da ya tsaya masa a rai daga wannan dare shi ne zaman da Bush ya yi. Ya yanke cewa wannan mutum, in abu ya yi zafi, daskarewa yake yi.

Bush bai tsaya nan ba. A watan Afrilu, a jihar Pennsylvania, ya kira shirin Reagan na rage haraji tattalin arzikin tsafi. Maganar ta bi gari. A ƙarshen Mayu ya janye, amma shi ne ya zo na biyu, kuma masu sassaucin ra'ayi na jam'iyyar shi suke bi. To, mai karatu, za ka iya zama ofis ɗaya shekara huɗu da wanda ya maishe ka boka a idon duniya?

Reagan bai so ba. Shekarunsa 69, tsohon ɗan fim, tsohon gwamnan Kalifoniya wanda bai taɓa riƙe muƙami a Washington ba, ga shi ana cewa ra'ayinsa ya yi tsauri. Yana bukatar wanda zai kwantar wa masu shakka hankali. Ranar Litinin da aka buɗe babban taron jam'iyya a Detroit, wadda ta zo daidai da cikar Ford shekara 67, Ford ya yi jawabin da ya tashi zauren Joe Louis tsaye. Nan manyan jam'iyya suka fara raɗa: me zai hana tsohon shugaba ya dawo ya yi mataimaki? Ba a taɓa yi ba a tarihin ƙasar. Reagan ya yi masa tayi da bakinsa. Ford bai ce e ba, amma bai rufe ƙofa ba.

Daga nan aka shiga ciniki. A otel ɗin Detroit Plaza, Reagan yana hawa na 69, Ford yana hawa na 70, manzanni suna hawa suna sauka. Ford yana da Henry Kissinger da Alan Greenspan, Reagan yana da William Casey da Edwin Meese. Tun farko akwai ƙashi a cikin tuwon: dukansu biyu mazauna Kalifoniya ne, kuma tsarin mulki ya hana wakilan zaɓe na jiha su ba 'yan jiharsu biyu ƙuri'unsu na shugaba da mataimaki, don haka dole Ford ya sauya jihar zama. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne iko. Aka kawo maganar Kissinger ya koma ma'aikatar harkokin waje, Greenspan ya riƙe baitulmali. Aka kawo maganar mataimaki ya sa ido kan ofishin kasafin kuɗi da majalisar tsaro da ma'aikatan fada. Ka tsaya ka lissafa, mai karatu. In ka ba mataimakinka kuɗi, ka ba shi tsaro, ka ba shi ƙofar da takardu ke bi su iso teburinka, kai me ya rage maka? Reagan ya yi shekaru yana sukar siyasar Kissinger ta sassauci da Tarayyar Sobiyet, yau ana so ya dawo da shi da hannunsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mutane masu hankali, waɗanda suka san mulki ciki da waje, suka yarda wannan zai yiwu. Son cin zaɓe ya rufe musu ido. Kowa yana lissafin ƙuri'un Nuwamba, ba mai tambayar wa zai yanke hukunci ranar da su biyun suka saɓa.

Da yammacin Laraba Ford ya zauna gaban Walter Cronkite na gidan talabijin na CBS, kai tsaye. Ya ce shi ba zai koma Washington ya zama mataimakin jeka-na-yi-ka ba, sai an tabbatar masa zai sa hannu a manyan shawarwari. Cronkite ya tambaye shi ko abin da ake nufi wani irin shugabanci ne na mutum biyu. Ford bai musa ba. Reagan yana ɗakinsa, yana kallon wannan a akwatin talabijin, yana ji ana rabon kujerar da bai ma hau ba. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma a wannan lokacin ne abin ya fito masa fili.

Sai dai magana ta riga ta fita. A zaure wakilai suna ta murna, 'yan jarida suna bayar da labari kamar an gama. Jaridar Chicago Sun-Times ta buga a shafin farko cewa Reagan ne da Ford. Shi kuma Bush ya hau mumbari a daren, ya yi jawabinsa na goyon baya, ya koma masaukinsa a otel ɗin Pontchartrain, ya cire kwat, ya zauna da iyali da abokai yana ganin ta leƙo ta koma. Da kai ne Reagan, duniya duka ta ɗaura maka aure da Ford, za ka iya fitowa ka ce an fasa?

Reagan ya aika a gaya wa Ford yana son amsa a daren nan. Wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi Ford ya sauko da kansa, ya ce abin ba zai yi ba. Suka rabu da mutunci, kuma Ford ya yi alkawarin taya shi yaƙin zaɓe, ya kuma cika. Yanzu ga Reagan tsakar dare, ba mataimaki, dubban wakilai suna jira. Yana iya ɗauko wani daga cikin 'yan gaban goshinsa wanda bai taɓa ɓata masa rai ba. Sai ya ce a kira masa Bush.

Da wayar ta yi ƙara, Bush ya ɗauka kiran ban-haƙuri ne. Sai ya ji Reagan yana cewa yana so ya je zaure ya sanar da sunansa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: zai goyi bayan manufofin da jam'iyya ta amince da su gaba ɗaya, har da matsayinta kan zubar da ciki, inda ra'ayinsu ya bambanta? Bush ya ce zai yi. Cikin 'yan mintoci Lesley Stahl ta CBS tana ihu daga tsakiyar zaure cewa ba Ford ba ne, Bush ne. Bisa al'ada ɗan takara ba ya leƙa zaure sai daren karɓar tuta, amma Reagan ya karya al'adar, ya je bayan sha biyun dare ya faɗa da bakinsa, don kada jita-jita ta kwana. Ranar 4 ga Nuwamba suka cinye jihohi 44, ƙuri'un wakilai 489, Carter ya tashi da 49. James Baker, wanda ya jagoranci yaƙin Bush a kan Reagan, shi Reagan ya naɗa shugaban ma'aikatan fadarsa.

Gwajin gaske ya zo ranar 30 ga Maris, 1981, lokacin da John Hinckley ya harbi Reagan a Washington. Bush yana Texas, ya juyo da jirgi. Aka ba shi shawarar ya hau jirgi mai saukar ungulu ya sauka kai tsaye a harabar fadar White House. Ya ƙi, ya ce shugaban ƙasa kaɗai ke sauka a can. Ya sauka a gidansa, ya ƙarasa da mota. Mai karatu, shugaba yana kwance a asibiti, kyamarori suna jira, da kai ne za ka iya kauce wa wannan hoton? Mutumin da aka yi wa kallon mai daskarewa shi ne ya fi kowa natsuwa a ranar.

Maganar tsafi kuwa ba ta bar shi ba. A 1982 ya musanta cewa ya taɓa faɗin ta, har ya ƙalubalanci a kawo shaida, sai gidan talabijin na NBC ya ɗauko faifan ya nuna wa ƙasa. Reagan bai sauya shi ba. Tare suka sake tsayawa a 1984 suka ci jihohi 49, a 1988 kuma Reagan ya fita yaƙin neman zaɓe don Bush ya gaje shi, ya kuwa gaje shi.