Wutar Daji Da Tsarin Gida A Nguru Da Gashuwa

Da zarar an kau da amfanin gona, hunturu ya kama a watan Nuwamba, ciyawa da karan gero sukan bushe ƙayau tun daga Nguru har Gashuwa. A lokacin ne mafarauta ke cinna wa daji wuta don fito da gafiya, iskar arewa maso gabas kuwa ta kwaso tartsatsi zuwa ƙauye. Zana ce ke fara kamawa, sannan jinka, daga nan sai rumbu, inda cimakar shekara take. Ko rufin kwano bai tsira ba muddin zana na jingine da ɗaki. Saboda haka magidanta masu lura kan share ciyawar bayan gari, su ja katangar ƙasa ta fuskar iska, su nesanta rumbu daga madafa da tarin kara.