Wankin Kai Da Karkashi Da Magarya

  

Yau a kan wankin kai hirarmu za ta tsaya. Abin da ya jawo ta kuwa wasiƙa ce da wata baiwar Allah ta aiko mana. Ta ce ita ba ta fita, duk abin da take so sai dai ta aiki yaro ko ta jira maigida. Shamfun da ta saba da shi ya yi tsada har tana jin nauyin ambatarsa a cikin kuɗin cefane. Wanda yaron ke sayo mata yanzu kuma a robar ruwa aka ɗura shi, ba suna ba lambar NAFDAC. In ta wanke kai da shi sai gashin ya bushe ƙamas ya cukurkuɗe, tana tajewa yana kakkaryewa. Shi ne take tambaya ko akwai abin da za ta iya haɗawa da kanta a cikin gida.

Akwai 'yar uwa, kuma ina kyautata zaton yana nan cikin kayan miyarki. Amma bari mu fara raba gardama, don na san da yawa daga cikinmu in an ce shamfu, man nan mai miƙar da gashi muke nufi. Wannan zancensa daban, sai wani jiƙon. Yau na wanki nake nufi, mai kumfa.

To ita wannan kumfar ita ta yaudare mu. Mun taso da ganin cewa in abu bai yi kumfa ba to bai wanke ba, shi ya sa har za ki ga mace ta kai ga wanke kanta da omo ko sabulun wanki. Yawancin shamfun kasuwa akwai wani sinadari a cikinsu da ake kira salfet, dangin wanda ake sa wa a sabulun ruwa na wanke-wanke. Aikinsa ya kama maiƙo ya tafi da shi cikin ruwa. Matsalar ita ce ba ya tantance maiƙon dauɗa da maiƙon da Allah Ya halicci fatar kai tana fitarwa don ya kare gashi. Duka yake kwashewa.

Matan Indiya da kike gani a fim, gashinsu a miƙe yake, maiƙon yana gangarowa daga tushe zuwa baki, dole su riƙa wankewa a kai a kai. Namu kuwa a nannaɗe yake, kowane sili a murɗe, maiƙon ba ya samun hanyar isa baki. Tun asali gashinmu mai ƙishi ne. In kika ƙara masa abin da zai kwashe ɗan abin da ya samu, ga kuma iskar hunturu, me zai hana shi karyewa? Ba wai ina cewa kowane shamfu mugu ba ne, akwai masu sauƙi da aka yi don irin gashinmu. Sai dai kuɗinsu ba na kowa ba ne, kuma wadda take cikin gida ba ta da halin ta tsaya a kanti ta juya kwalba ta karanta.

Ni a hannun kakata na fara ganin ana wanke kai da karkashi, kuma a lokacin raina abin na yi, ina ganin aikin ƙauye ne. Sai ga shi yanzu wannan ganyen dai, da sunan da mutanen Chadi ke kiransa, wato ambunu, ana ƙulla shi a leda mai kyau ana sayar wa matan Amurka da Turai ta intanet. Abin da muke kaɗa miya da shi.

Sirrin karkashi yauƙinsa ne. Yauƙin yana lulluɓe kowane silin gashi ya sa shi santsi, sai ƙura da gumi su saki, gashin da ya harɗe kuma ya warware ba tare da kin fizge shi ba. Yawancin karyewar gashinmu ai ba wurin wanki take faruwa ba, wurin tajewa ne. Duk abin da zai sa mataji ya wuce salin alin ya tsare miki gashi.

Ga yadda za ki yi. Ki samu busasshen ganyen karkashi, wanda ba a daka ba ya fi, kamar cikin tafin hannunki ɗaya, ko babban cokali 3 in gari ne. Ki zuba masa ruwan zafi kofi 2, ki rufe ki bar shi minti 15 zuwa 20. Za ki ga ruwan ya yi kauri yana ja. Sai ki tace da ƙyallen tatar koko mai tsafta. Don Allah kar ki tsallake tacewar nan. Ranar da na fara gwadawa ganda ta hana ni, na juye shi haka nan a kaina, garin ya maƙale a gashi. Kwana biyu ina kakkaɓe kore-kore, da na je kitso makitsiyata ta ce ko miyar ce ta kife mini a ka. Sannan abu na biyu, na san hannunmu ya saba da jefa 'yar kanwa a karkashi don ya ƙara yauƙi. Wannan ta tukunya ce. Kanwa tana da kaifi, busar da gashi take yi ta sa shi ya yi ja ya karye, kar ki sa.

Bayan kin tsefe kanki, ki raba gashin gida huɗu ko shida, ki jiƙa shi da ruwan ɗumi. Ki riƙa ɗiban ruwan karkashin kina zubawa a tushe, kina cuɗa fatar kan da tsokar yatsunki, ba da farce ba. Fatar ita ce mai dauɗar, ita za ki fi ba ƙarfi. Sai ki shafo shi zuwa baki, ki warware gashin da yatsu tukuna, sannan ki sa mataji mai manyan haƙora, ki fara daga baki kina hawa zuwa tushe. Ki bar shi kamar minti 5, ki ɗauraye da ruwa mai yawa har sai santsin ya tafi. Ki kula da ƙasan banɗaki, don yauƙin na iya kayar da mutum, musamman mai juna biyu. Gara ki zauna a kan kujera 'yar tsuguno.

A nan za ki ga gashi ya fito a mataji, wataƙila har gabanki ya faɗi. Ki kwantar da hankalinki. Likitocin fata sun ce kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum. Mu da muke kitso, wanda ya zube ba ya faɗuwa, a cikin kitson yake zama. In kitsonki ya yi sati 2, kin ga abin da ya taru zai kai sili 700 ko ma ninkinsa, kuma duk ranar tsifa zai fito. Abin da za ki duba shi ne, dogaye ne masu ɗan farin ɗigo a gindi? To wannan zubewa ce ta al'ada. In kuwa guntaye ne birjik a kafaɗa da ƙasa, wannan karyewa ce.

In karkashi ya yanke miki, kuɓewa ɗanya guda 5 ko 6, a yanka a tafasa a tace, tana ba da irin wannan santsin.

Sai magarya. Ita a cikin ganyenta akwai wani sinadari mai kama da sabulu, shi ya sa in an kaɗa ta take yin 'yar kumfa. Saboda haka tana fitar da maiƙo da gumi. Na san wasu da sun ji an ce magarya sai jikinsu ya yi sanyi, don sun fi saninta a wankan gawa. Ai saboda tsaftarta aka zaɓe ta a can ɗin ma. Kuma rayayyu ma an koya musu. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa wata sahabiya mai suna Asma'u ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wankan haila, ya koya mata ta ɗauki ruwa da magarya, ta zuba a kanta ta cuɗa sosai har ya isa tushen gashi. Ni dai a nan wankin tsafta nake magana. Wankan ibada kuwa, malamanmu sun karantar da mu da ruwa zalla ake yinsa, saboda haka ki ɗauraye kanki tas tukuna.

In ɗanyen ganye yara suka samo miki, ki tsince ƙayar, ki wanke ki kirɓa. In ajiyewa kike so, ki shanya a inuwa, ki daka ki tankaɗe, ki zuba a kwalba mai murfi. Amma fa ba a turmin da kike jajjage ba, in ba haka ba idonki ne zai gaya miki. Cokali 3 na garin a ruwan ɗumi kofi 2, ki burga da maburgi har kumfa ta taso, ki tace, ki yi amfani da shi kamar yadda muka faɗa. Ni abin da na fi jin daɗinsa shi ne in fara da magarya don ta fitar da dauɗa, in bi da karkashi don tajewa. Ganyen kurna ma ɗan uwanta ne, aiki ɗaya suke yi.

Yanzu ga inda mata da yawa suke gwadawa su ce bai yi musu ba. In kina cika kanki da basilin ko man gashin kanti mai danƙo, wallahi karkashi ba zai fitar da shi ba, magarya ma da ƙyar. Irin wannan man sai sabulu. Nan ne sabulun salo yake da amfani, amma ba a goga shi kai tsaye a gashi. Ki gutsiri kamar girman goro ki narkar a ruwan ɗumi, ki wanke fatar kan da ruwan sau ɗaya, ki ɗauraye. Shi sabulun salo da toka ake yinsa, yana da kaifi, yana buɗe ɓawon silin gashi ya bar shi da kaushi. In kuma ruwan rijiyarku mai zartsi ne, sai ya bar wani fari-fari a kai kamar wanda kike gani a bokiti. Maganin wannan ɗan tsami ne: ruwan lemun tsami babban cokali 1 a ruwa lita 1, ko ruwan tsamiya tsararo da aka tace, ki yi ɗaurayar ƙarshe da shi. Kar ya shiga ido, kar kuma ki sa in akwai ciwo a kanki. Sau ɗaya a wata ya isa. In kika koma shafa man kaɗanya ko man kwakwa kaɗan-kaɗan, za ki ga ba kya buƙatar sabulun sosai.

Kar ki yanke hukunci a wankin farko. Shamfu da yawa suna barin wani abu mai sheƙi a kan gashi, in ya wanke sai ki ji gashin kamar ba naki ba. Ki ba shi wanki uku ko huɗu. Wanda ya riga ya karye kuma ba zai dawo a sati ɗaya ba, don gashi abin da yake ƙaruwa a wata bai wuce santimita 1 da ɗan ɗoriya ba, kamar faɗin farcen ɗan yatsanki. Duk mai tallan da ta ce miki haɗinta zai kai miki gashi gadon baya kafin salla, kuɗinki take so.

Abu ɗaya da shamfun kwalba ya fi namu shi ne ajiya. An sa masa maganin lalacewa, namu ba a sa ba. Ruwan karkashi ko na magarya in ya kwana a zafin nan namu ya fara tsami da wari, ƙwayoyin cuta sun shiga. Ki haɗa daidai na ranar, ragowar ki zubar.

Batun ƙamshi kuma, na san shi ne a ran amare. Gaskiya ne karkashi ƙamshin ganye yake yi, ba na furanni ba. Amma warin kai da ake kuka da shi yawanci ba daga abin wanki yake zuwa ba, daga danshi ne. A wanke kai da yamma, a ɗaure da ɗankwali yana jiƙe, a ɗora hijabi, a kwana a haka. Ki yi wankin da hantsi, ki tsane da tsohon zane mai laushi ba tare da murzawa ba, ki zauna a tsakar gida ya sha iska. In ya kusa bushewa ki shafa ɗan mai, ki turara shi da turaren wutarki, sannan a yi kitso. Ki kuma roƙi makitsiya ta sassauta hannu a gaban goshi. Gashin gaba da yake cinyewa, sau da yawa jan kitso ne ba shamfu ba, kuma in aka daɗe ana ja tushen yana mutuwa ya ƙi fitowa.

Akwai kuma inda ganye ba zai yi miki ba. Amosanin da ya yi yawa, mai ƙaiƙayi da ɓarewa har fatar ta yi ja, akwai shamfu na magani da likita ke rubutawa, wannan kar ki bar shi don kin ji hirar nan. Makero a kan yaro, inda gashi ke cinyewa ya bar da'ira mai fari-fari, cuta ce da ke shiga cikin tushen gashi, sai an haɗa da maganin sha na makonni daga asibiti, kuma yana yaɗuwa ta mataji da hula da aska. Ƙwarƙwata ma karkashi ba ya kashe ta, sai dai santsinsa yana taimaka wa ƙaramin mataji ya zaro ta. Mai jego da ta ga gashinta yana zuba wata 3 ko 4 bayan haihuwa, wannan yakan tsaya da kansa. Amma in zubar ta haɗu da jiri da kasala da ɗashewar ido, ki gaya wa maigida a kai ki a auna jininki.

Ita kuma 'yar uwar da ta aiko wasiƙa, wannan na robar ruwan da ba a san abin da ke ciki ba, ki daina sa shi a kanki tun yau. In kin gwada na karkashin ki sake rubuto mana mu ji yadda aka kwashe. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a gaida yara.