Dalmar da ke kwana a cikin ƙundu

Tun ranar 15 ga Fabrairun 2023, da Tarayyar Turai ta hana harbi da harsashin dalma a fadamu da bakin tabkuna, labarin yake yawo yana canza kama a hanya. Kafin ya iso majalisun hira na Matameye da kasuwar Ɗan Barto, ya koma wai Turawa sun haramta farauta, kuma saura mu. Da Birtaniya ta sanar a Yulin 2025 cewa ita ma za ta hana mafi yawan harsasan dalma, sai zancen ya ƙara tashi. Alhali Baturen da ke harbin agwagwar ruwa yana nan yana harbinta. Ƙwayoyin cikin harsashinsa kawai aka sa ya canza, daga dalma zuwa baƙin ƙarfe. Amurka ta yi haka ga masu harbin tsuntsayen ruwa tun 1991, Denmark ta hana ƙwayoyin dalma a 1996, kuma har yau ana farauta a ƙasashen biyu.

Jita-jitar ba ta dame ni ba kamar amsar da maharbi yakan bayar idan aka yi masa bayani: “Ai dalma ƙarfe ce. Ko tsuntsu ya haɗiye ta, kashinta zai yi. Mu ma in mun tauno ta a nama, tofarwa muke yi.” Maganar tana da kama da hankali, shi ya sa ta daɗe.

Duk wanda ya taɓa gyaran kaza ya ga tsakuwa a cikin ƙundu. Tsuntsu ba shi da haƙori, don haka yake tsintar ƙananan duwatsu ya ajiye a can su niƙe masa hatsi. Ƙundu dutsen niƙa ne, dutsen da ba ya hutawa, kuma a cikin ruwa mai tsami yake aikinsa. Harsashi guda na bindigar harbin tsuntsaye yana ɗauke da ƙwayoyi ɗari biyu zuwa uku. 'Yan kaɗan ne ke samun abin da aka auna, sauran su zube a laka. Kirinjijiya ko ɗinya ta zo kiwo, ta tsince su a matsayin tsakuwa. Tsakuwa tana jure niƙa, dalma kuwa taushi gare ta, ko da farce ana iya yi mata zane. Sai ƙundu ya yi ta gogar ta har ta zama gari, tsamin ciki ya narkar da garin, ya shiga jini. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe agwagwa. Ba nan take ba: sai ta yi kwanaki tana ramewa, fukafukanta su saki, ta kasa tashi, ta lafe a cikin ciyawa har kare ko shaho ya ɗauke ta. Shi ya sa maharbi zai iya rantsuwa bai taɓa ganin tsuntsun da dalma ta kashe ba, kuma gaskiya ya faɗa. Hukumar Turai mai kula da sinadarai ta ƙiyasta cewa tsuntsayen ruwa kusan miliyan ɗaya ne ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara a can.

Wanda ya ci gawar shi ma ya gaji gubar. Cikin ungulu yana da tsamin da ya fi na yawancin dabbobi, wanda ke ba ta damar cin mushe ba ta kamu da cuta ba, kuma shi ne ke narkar da dalma da sauri. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an gwada jinin ungulaye fiye da ɗari biyar a Botswana, aka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku suna ɗauke da dalma fiye da kima. A nan yankinmu guba da cinikin sassan jikinta ne suka fi cinye ungulu, amma tsuntsuwar da tun 2015 aka sa ta cikin jerin masu gab da ƙarewa ba ta da ƙarfin ɗaukar ƙarin masifa.

Mu Hausawa ba ma bukatar a kawo mana hujja daga Turai. A 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400. Daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga bindiga ba, amma dalma ɗaya ce. Mutanen wurin sun faɗa wa masu bincike daga baya cewa agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kula.

Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai, wadda aka ƙulla a 1995, kuma a cikinta akwai alkawarin daina amfani da ƙwayoyin dalma a fadamu. A jihar Damagaram muna da tabkin Lasuri da na Gidimuni, duka an sa su cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, ga kwarin Korama inda manoman rake da masu lambu suke raba ruwa da tsuntsaye. Sa hannu a Yamai abu ne mai sauƙi. Abin da maharbi ya sani game da dokar farauta ta 29 ga Afrilun 1998 shi ne takardar izini, lokacin buɗewa da rufewa, da tarar ma'aikatan gandun daji. Zancen abin da ke cikin harsashi bai cika isowa kunnensa ba.

Shi ma yana da tasa hujjar, kuma ya kamata a saurare ta. Baƙin ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ba ya cin nisa kamarta. Dole a yi amfani da ƙwaya mafi girma, a kuma matso kusa. Yana da tauri, yana iya lalata bututun tsohuwar bindiga, kuma tsofaffin ne suka fi yawa a hannun mutanenmu. Hana dalma ba tare da an kawo madadinta kasuwa da kuɗin da talaka zai iya ba, sabuwar ƙofar cin tara kawai zai buɗe. Abin dariya, mai bindigar toka da ke ɗura guntayen ƙarfe da ƙwallayen keke ya riga Turawa bin wannan doka.

Sauran maganar tana cikin tukunya. Ƙwayar da aka tauno aka tofar ita ce mai sauƙi. Idan dalma ta bugi ƙashi, takan bar ɓurɓushin da ido ba ya gani a cikin tsoka, wuta ba ta kashe shi, dahuwa da abu mai tsami kuma tana ƙara narkar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma jikin yaro ya fi na babba tsotse ta, ta taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da zazzaɓi ko wata alama ba. Don haka a yanke naman da ke kewaye da raunin a yar, a binne kayan ciki maimakon a jefa wa karnuka da ungulaye, kada a ba ƙananan yara da masu juna biyu fakara ko zabon dajin da aka harbo da dalma. Masu narka dalmar tsohon batirin mota a tsakar gida don su zuba ƙwayoyin harbi kuwa, aikinsu ya fi kowanne haɗari, domin hayaƙin da ƙurar suna sauka ne daidai inda yara ke rarrafe.