Zuwa Wata da Wuya, Dawowa Ta Fi

A watan Mayun 1961 shugaban Amurka John Kennedy ya ɗora wa ƙasarsa nauyi mai sharaɗi biyu: a kai mutum duniyar wata kafin 1970, a kuma dawo da shi gida da ransa. Na farkon kowa ke tunawa. Na biyun kuwa shi ya hana injiniyoyi barci.

Ranar 20 ga Yulin 1969, a tafiyar Apollo 11, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a wata, Michael Collins yana kewayawa a sama shi kaɗai yana jiransu. Injin da zai ɗago su daga can ɗaya ne tal, babu na ko-ta-kwana. Shi ya sa har jawabin ta'aziyya aka rubuta wa shugaba Nixon aka ajiye, ko da injin zai ƙi tashi.

To ya tashi, amma tsugune ba ta ƙare ba. Kumbon da ya baro wata yakan tunkaro duniya da gudun kusan kilomita 40,000 a awa, kuma ba shi da wani birki sai iskar da ta lulluɓe mu. Yana afka mata, zafi yakan kai digiri 2,700 a ma'aunin Salshiyos. Garkuwar da ke gindinsa da gangan aka yi ta don ta ƙone, tana zaizayewa tana tafiya da zafin. Ƙofar shigar ma ƙunci gare ta. In kumbon ya nutso da ka, mutanen ciki ba za su jure ba. In ya kwanta da yawa, sai ya yi tsalle ya koma sama, kamar dutsen da yara ke wurgawa bisa ruwan tafki. Wutar da ta kewaye shi takan yanke rediyo na kusan minti uku. Bayan nan lema uku su buɗe, ya faɗa tekun Fasifik.



Ni dai a wurina Apollo 13 ta fi Apollo 11 ban mamaki, duk da ba ta sauka ba. A Afrilun 1970 tankin iskar shaƙa ya fashe ana tsakiyar tafiya. Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise suka cusa kansu cikin ƙaramin kumbon sauka, wanda aka ƙera don mutum biyu, suka yi kusan kwana huɗu cikin sanyi da ƙishirwa. Da numfashinsu ya fara gurɓata iskar ciki, da kwali da leda da salatif suka harhaɗa matata. Ranar 17 ga watan, shirun rediyon ya zarce yadda aka saba da fiye da minti ɗaya, masu kula da tafiyar a Houston suka yi jugum, sannan muryar Swigert ta fito.

Mutum goma sha biyu suka taka wata daga 1969 zuwa Disambar 1972, dukkansu kuma sun dawo gida da ransu.