Irin Gida Bai Gaji Ba

Daga Mirya har Matamaye, da wuya ka zauna da masu lambu ba ka ji ana cewa irin gida ya gaji ba, wai mai son kokwamba ta kirki sai ya sayi na leda. Ban ga laifinsu ba. Irin leda yana ba da 'ya'ya masu tsawo ɗaya, masu ɗaukar idon mai saye a kasuwar Dole. Amma ina roƙon 'yan'uwa su dubi ɗaya gefen.

Yawancin ledojin nan an rubuta musu F1, wato aure ne aka haɗa tsakanin iri biyu. Shukar farko takan yi kyau. In ka ɗebi iri daga cikinta ka sake shukawa, sai gonar ta fito barkatai: wannan doguwa, waccan gajera. Dole baɗi ka koma shago da kuɗinka.

A Kara-Kara, unguwar duwatsu inda ake sayen ruwa jarka-jarka, na ga wata dattijuwa da gurjinta ya bi danga. Takan bar mafi lafiya a jikin yaɗo har ya yi rawaya ya yi laushi. Sai ta tsaga shi, ta kwashe cikin a ƙwarya, ta zuba ruwa, ta bar shi kwana 2 ko 3. Irin da ya taso sama holoƙo ne, ta zubar. Wanda ya nutse ta wanke, ta shanya a inuwa, ta gauraya da toka, ta toshe a gora. Kowace shekara mafi jure rana da ƙishi take zaɓa, don haka irin ƙara sabawa yake da ƙasarmu.

Abin da ake kira gajiya, sau da yawa sakaci ne: a sayar da masu kyau, a bar ragowa a yi iri, ko a ajiye shi inda zafi da laima za su kashe shi.

Albasar Galmi da ta yi suna har Abijan da Akara ai daga irin manoman Nijar ta samo asali. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ban ce a daina sayen na leda ba. Amma bana, manomi, ware kunya ɗaya don irin gida, nesa sosai da na leda don kada ƙudan zuma su haɗa su aure, ka kuma ɗebar wa maƙwabcinka.