Yaro Ya Warke, Kayan Wasansa Fa?

A gidan ƙanwata gudawar ta fara ne da auta, ɗan wata takwas. Kwana huɗu ana fama, ana ba shi ruwan gishiri da sukari cokali-cokali, har Allah Ya kawo sauƙi. Kakarsa ta wajen uba ta zo dubiya, ta ɗage masa leɓe ta leƙa dasashi, ta ce, "Ai haƙori ne, ga kan nan har ya yi fari." Aka yi hamdala. Kwana uku tsakani sai yayarsa 'yar shekara uku ta kwanta. Tana tashi, ɗan maƙwabta da ke yini a gidan ya karɓa. Da na je, ƙanwata ta ja ni ɗaki ta yi ƙasa da murya: "Yaya, ni dai ba zan iya musu da Hajiya ba, amma ita wannan mai shekara ukun wane haƙorin take yi?"

Gidan fes yake, wannan kam ba a ƙwace mata. An share tsakar gida, an goge ɗaki da ruwan da aka ɗiga wa Izal, ƙamshinsa tun daga zaure. Amma ina zaune na ga an ɗauki fo ɗin yarinyar, an ɗauraye shi da ragowar ruwan buta, an kife shi gefen bahon da ake tara kayan wasa. Ba a jima ba auta ya rarrafo, ya zaro wata agwagwar roba daga bahon, ya kai baki.

Haƙori yakan fara fitowa wajen wata shida. Daidai lokacin ne kariyar da jariri ya zo da ita daga jikin uwa take raguwa, lokacin ne ake fara ba shi kunu da koko, lokacin ne kuma yake fara rarrafe, dasashi na yi masa ƙaiƙayi, duk abin da hannu ya kai sai baki. Haƙori na sa dalalar yawu da rigima, amma zawo mai ruwa-ruwa da amai da zazzaɓi mai zafi daga wani wuri suke zuwa. Yawanci daga abin da aka tauna ne.

Babbar mai kawo wa ƙananan yara irin wannan gudawar ita ce ƙwayar cutar rota, wadda wata masaniya, Ruth Bishop, da abokan aikinta suka gano a birnin Melbon na ƙasar Ostireliya a 1973. A ɗan kashin yaro mai ɗauke da ita, wanda bai kai cikin ƙaramin cokali ba, akwai biliyoyinta, alhali ƙasa da guda ɗari sun isa su kwantar da wani yaron. Tana iya yin kwanaki, wani lokaci makonni, a jikin roba ko ƙarfe ba ta mutu ba. Kuma yaro yakan ci gaba da fitar da ita a bayan-gida har wajen kwana goma da fara ciwon, wato bayan an ga ya miƙe yana dariya an ce ya warke. 'Yar'uwarta noro, mai sa amai, takan kai mako biyu ko fiye tana fita. Nijar ta sa riga-kafin rota cikin na yau da kullum tun 2014, Najeriya kuma a 2022, ana ɗiga wa jariri a baki. A Najeriya sau uku ne: mako 6, mako 10 da mako 14. Wanda jaririnsa bai samu ba ya tambaya a asibitin awo. Sai dai riga-kafi na rage tsananin ciwo ne, ba ya wanke agwagwar roba.

Kuskurenmu na farko shi ne mun ɗauki ƙamshi a matsayin shaidar tsafta. In ruwan bokiti ya yi fari kamar madara, hanci ya ji warin asibiti, sai hankali ya kwanta. Dettol da Izal suna da aikinsu a kan wasu ƙwayoyin cutar, amma rota da noro masu taurin kai ne, irin waɗannan magunguna ba su cika kama su ba, balle ɗigo biyu a cikin bokiti guda. Ga shi kuma ba a yi su don abin da yaro zai tsotsa ba. Sanitaizar da muka saba da ita tun zamanin korona ita ma rauni gare ta a gaban noro. Turaren wuta kuwa, Allah Ya ba mata haƙuri, wari kawai yake korewa.

Abin da ke kashe su biyu ne, kuma duka suna da araha: tafasasshen ruwa da bilic, wato su Jik da Hypo da ake sayarwa a kowane shago. Amma kafin kowannensu sai an yi wanki. Wannan ne wurin da aka fi tsallakewa. Majina, yawu, busasshen kunu, maiƙo da kashi suna cinye ƙarfin bilic kafin ya isa ga ƙwayar cutar, har ma su zame mata rumfa. Saboda haka a fara da sabulu ko omo da soso, a bi lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye. Wankin nan kaɗai yana tafiya da mafi yawan dattin. Sannan a zo ga magani.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam kada a yarda da ido. A duba jikin kwalbar: bilic ɗin gida irin Jik ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne. In haka ne, cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya ta ruwa, wato fiya-wata leda biyu, shi ne haɗin kayan wasa na roba, da keken koyon tafiya, da ƙarfen gado, da hannun ƙofa, da ledar shimfiɗa. Fo da bakin masai da wurin da amai ko kashi ya zuba suna son mai ƙarfi: kofi ɗaya na bilic, kofi shida na ruwa. A kwashe ƙazantar tukuna da tsumman da za a jefar, hannu cikin safar roba ko leda. Ruwan haɗin ya zama mai sanyi, don zafi na kashe ƙarfin bilic ya kuma tayar da tururi mai shaƙe mutum. A haɗa na ranar a ranar. Wanda ya kwana, ko ya yini cikin rana, ya riga ya sane.

Sai haƙuri, wanda shi ne ya fi wuya ga uwar da ke da tukunya a wuta da goyo a baya. Bilic ba ya aiki da shafawa a goge nan take. Dole abin ya zauna cikinsa, ko ya kasance a jiƙe da shi, minti biyar zuwa goma. Bayan nan duk abin da zai koma bakin yaro a ɗauraye shi sosai da ruwan da ake sha, a shanya a kan tire mai tsafta a rana ya bushe da kansa. Kada a goge da tawul ɗin kicin, a mayar da abin da aka cire. Inda ruwa ke da tsada, ana sayen jarka wajen 'yan garuwa, baho ɗaya na haɗin ya isa in an bi tsari: kayan baki su fara shiga, sai manyan kayan wasa, sai a goge gado da ƙasa, ragowar a juye a masai.

Fida da kan fida da robar tsotso da cokali da kofin yaro, su tafasawa ta fi dacewa da su. A kwance fida gaba ɗaya, a wanke kowane ɓangare, musamman zaren murfi da cikin kan nono inda madara ke maƙalewa ta yi tsami, a nutsar da su a tukunya ruwa ya rufe su, a bar shi yana tafasa minti biyar. Kan fidar da ya tsage ko ya yi danƙo a jefar, don tsagar ba ta wankuwa. Ni da za a bi ta tawa, yaron da ya tashi daga gudawa da an yi sallama da fidar an koma kofi da cokali, kamar yadda ma'aikatan lafiya suka daɗe suna faɗa. Kofi ba shi da lungu. Ƙwarya da ludayin duma suna shan ruwa, kada a jiƙa su a bilic. A wanke, a kwara musu tafasasshen ruwa, a ba rana.

Agwagwar nan ta ƙanwata, irin mai ɗan rami a ƙasa ce da ke ƙara in an matsa. Na matsa ta a kan farin faranti, sai ga wani ruwa ya fito da baƙin gansakuka a ciki. Muka sa wuƙa muka raba ta biyu. Cikin ya yi baƙi ƙirin, da santsi kamar bakin rijiya. Duk wankan da aka yi wa yara tana cikin baho tana shan ruwan, ba ta taɓa bushewa ba. Irin wannan ba ta da magani sai bola. Haka 'yar tsanar soso da amai ya ratsa har ciki, in ba za ta wanku ta bushe ƙarau a yini guda ba. Yaro zai yi kukan rabin sa'a ya manta.

Tufafi nasu daban ne, don babu macen da za ta tsoma atamfar goyonta a bilic, kuma ba a ce ta yi ba. Zanen goyo, majanyi, zanen gado, tawul da nafkin a wanke su su kaɗai, kada a haɗa da wankin gida, kada kuma a kakkaɓe su kafin a jiƙa. Omo da ruwan zafi, shanya a igiya cikin rana tsaka ba a kan katanga ko ƙasa ba, sannan guga mai zafi. Fararen nafkin za su iya shan haɗin cokali biyun nan. Katifa da tabarma a goge wurin da ya ɓaci da sabulu, a fitar su yini a rana, ana juyawa. In an zo adanawa, don Allah a raba kayan jariri da ƙwallon kafur. Akwai yara da yawa a ƙasashenmu da aka haifa da ƙarancin wani sinadari a jini, G6PD, waɗanda kafur ke farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani.

Akwai kuma kayan wasan da ba mu ƙirga su a kayan wasa. Layar da ke wuyan yaro, wadda yake tsotsa dare da rana har fatar ta yi laushi. Makullin babur na Baba. Carbin kaka. Rimot. Sama da duka, wayar uwa: da ita aka shiga banɗaki, ita aka ɗauka ana tsakiyar canza famfas, ita kuma ake miƙa wa yaro ya yi shiru. A cire mata riga a wanke da sabulu a tsoma a haɗin, ita kanta a kashe ta a goge da ƙyalle mai ɗan danshi. Kayan wasa masu batir ma gogewa ake yi, a kuma tabbata murfin batirin a ɗaure yake, don ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin sa'o'i kaɗan.

Ba kowane ciwo ke buƙatar wannan hidimar ba. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bin kayan wasa. Gidan sauro za a duba ko ya huje. Ƙyanda ta iska ce, ƙwayarta ba ta wuce kamar sa'a biyu a ɗaki bayan mai ita ya fita, don haka buɗe taga da riga-kafin sauran yara su ne abin yi. Mura da ciwon ido na afolo, a fi mayar da hankali ga tawul, matashi da hannu. Ƙazuwa, a wanke tufafi da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi a leda aƙalla kwana uku. Amai da gudawa na kwalara kuwa, wanda a 2021 ya kama mutum sama da dubu ɗari a Najeriya, Bauchi da Jigawa da Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki, ba aikin gida ba ne. Asibiti za a nufa nan take, a kuma sanar da jami'an lafiya, don haɗin da ake zuba wa kashi da aman mai kwalara ya ninka namu ƙarfi.

Shi kansa bilic ɗin abin tsoro ne a gidan yara. Kada a gauraya shi da komai sai ruwa. In ya haɗu da ruwan wanke masai mai asid, ko ya haɗu da fitsari mai yawa, yana fitar da iska mai guba, kuma banɗakunanmu ƙanana ne. Kada a juye shi a gorar lemo ko ta ruwa. Da haka yara da yawa suka sha kananzir. Bahon jiƙon a ɗora shi sama ko a rufe shi a ɗaki, don mai rarrafe yana iya kifawa cikin ruwan da bai kai tsawon hannu ba. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa masa yatsa a maƙoshi, kada a ɗura masa manja kamar yadda aka saba, don amai zai sake ƙona hanyar, man kuma yana iya sarƙe shi ya faɗa huhu. A wanke masa baki, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti tare da shi.

Ranar mun yi la'asar muna wankin nan, ni da ƙanwata. Aka ware wa fo soso nasa da wurin kifewa can bayan banɗaki, aka ajiye sabulu kusa da buta, don hannun da ya yi wa yaro tsarki shi ne ke dama masa koko. Hajiya ta fito alwala ta tarar da kayan jere a tire suna shan rana, ga rabin agwagwa a gefe. Ta ɗauka, ta juya, ta daɗe tana kallon cikin. Sai ta kwance layar wuyan auta da hannunta, ta miƙo mini, ta ce a goge mata bayanta da kyau amma kada ruwa ya shiga ciki.