Funfunar da Ke Farautar Tsutsar Cikin Shanu

 Duk wanda ke da shanun noma a Gusau, Tsafe ko Bunguɗu ya san halin damina: ciyawa ta wadata, amma maraƙi yana rama, yana zawo, ƙasan haɓarsa ya kumbura, cikin idonsa ya yi fari. Sau da yawa tsutsar ciki ce, wadda ke zaune a tumbi tana shan jini. Rashin tsaro ya sa yawancinmu muna tsare dabbobi kusa da gari, suna kiwo wuri guda kullum, shi ya sa cutar ke samun gindin zama.

Yadda tsutsa ke yaɗuwa

Tsutsa mace ɗaya tana iya zuba ƙwai dubbai a rana, su fita cikin kashi. Idan akwai ɗumi da laima, cikin kamar mako ɗaya sun ƙyanƙyashe sun yi ƙwari. Sai su bi raɓa su hau ciyawa, saniya ta haɗiye su. Maganin tsutsa irin su albendazol da ibamektin yana kashe na cikin ciki ne kawai. Na fili suna nan suna jira. Kuma yawan ba da magani iri ɗaya, ko ba da ƙasa da ƙima, yana sa tsutsa ta daina jin sa.

Mafarauciyar da Allah ya halitta

Akwai wata funfuna da ke rayuwa a ƙasa da cikin taki, masana suna kiranta Duddingtonia flagrans. A shekarun 1990 masu bincike a Denmak da Ostareliya suka nuna cewa irinta yana da kauri, yana ratsa cikin dabba ya fito da ransa. Ana gauraya shi da dusa a ba saniya. Idan ya fito tare da ƙwan tsutsa, sai ya tsiro a cikin kashin, ya saƙa zare mai danƙo kamar taru. 'Yar tsutsar da ta taɓa shi ta maƙale, funfunar ta huda ta, ta cinye ta tun ba ta kai ga ciyawa ba. A 2018 aka yi wa wannan iri rajista a Ostareliya da sunan BioWorma, kuma gwaje-gwaje a can sun nuna ya rage tsutsar da ke kan ciyawa da fiye da rabi.

Iyakarta

Ba ta kashe tsutsar da ta riga ta shiga ciki, don haka dabbar da ta kamu tana bukatar magani. Ba ta maganin tsutsar hanta da ake ɗauka a fadama ta hanyar katantanwa. Dole a riƙa ba da ita kullum a lokacin da tsutsa ke yaɗuwa, abin da ke cin kuɗi. Gargaɗi kuma: kada kowa ya ba dabba masara ko harawa mai funfuna da sunan magani. Wannan wata iri ce dabam, tana iya ɗauke da guba mai lalata hanta, har ta bi ta cikin nono zuwa ga yara.

Abin da za mu yi tun yanzu

Darasin shi ne, a wurin kashi ake cin yaƙin.

1. A riƙa kwashe kashi daga turke kafin ya yi kwana 3, a tara shi ya ruɓe. Zafin takin yana kashe ƙwai, gona kuma ta amfana.
2. A riƙa sauya wurin ɗaure dabbobi.
3. A keɓe wa maruƙa wuri mai tsabta, gama su suka fi rauni.
4. Baƙuwar dabba daga kasuwa, a ware ta a ba ta magani kafin ta shiga garke.
5. A nemi shawarar malamin dabbobi kan lokaci da ƙimar magani.

A taron zumuntar maza da ta mata, a karanta Karin Magana 27:23, a tattauna yadda maƙwabta za su yi wannan aiki tare, tun da makiyaya ɗaya muke amfani da ita. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku.